Gayaunar da Ba Ta da Inuwa

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tana da gayauna a bayan ƙauyen Karare. 'Yar ƙaramar gona ce ta kanta, dabam da gandun gida. Gyaɗa take shukawa a ciki, ta bi gefen kunya da yakuwa da kuɓewa. Itace ɗaya ne tak a wurin, gawo. Wanda bai san gawo ba zai ce ko ba komai ai akwai inuwa. Shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara duk tsawon lokacin da ake aikin gona, sai girbi ya matso sannan ya fara toho. Manoma suna son sa saboda haka, don ba ya tare wa shuka rana. Ni ma a da ban ga aibinsa ba.

Mu a Safana muke zaune, mahaifina yana aiki a sakatariya. Amma duk dogon hutu a Karare nake yin sa. A ɗora ni a bayan a-kori-kura tsakanin buhuna, a damƙa wa direba amanata, in isa da yamma ƙafafuna sun yi tsami. Washegari in bi Iya gona. Ba wani aikin kirki nake yi ba. Nakan tsuguna in yi ta kallon furen gyaɗa, ɗan rawaya mai kamar an ɗiga shi, wanda idan ya gama kwanakinsa sai ya sunkuyar da kai ya nutsa cikin ƙasa, can ya yi 'ya'ya inda ba mai ganinsa. Iya takan ɗago ta same ni a haka.

"Malama, yau kuma mi gyaɗar ta ce miki?"

"Ta ce kin tsufa."

"Gaya mata ni na binne uwarta bara."

Malama take kirana tun ina firamare, don ni kaɗai ce a jikokinta mata da ke yawo da littafi.

Gayaunar daga mahaifiyarta ta same ta, kyauta, tun tsohuwar tana da rai. Iya ma haka take so ta yi. Ta sha faɗi cewa ba za ta mutu ta bar wurin nan a shiga rabonsa ba, a yayyanka shi kamar tsire kowa ya ɗauki tsinke ɗaya. Za ta bayar da hannunta, ga mace, amma sai wadda ta noma shi damina guda cur, daga shuka har roro. Haka aka yi mata, haka za ta yi. Sauran jikokin ba wadda ta damu. Ni kuwa tun ina ƙarama na sa a raina cewa wurin nawa ne. Ba don gyaɗar ba. Ina son in kasance ina da wani wuri a duniya wanda na san kowane lungunsa, har ramin da ruwa ke kwanciya a kusurwar gabas.

Shekarar da na gama kwalejin ilimi a Katsina na samu damina sukutum ba ni da abin yi. Gwiwoyin Iya kuma sun fara ƙin tsugunno. Ruwan shuka yana sauka na haɗa kayana na tafi.

Na tarar lokutan gona sun canza. A da, ana sallar asuba ake fita, hantsi ya yi zafi a dawo, da la'asar a koma. Yanzu saboda 'yan bindiga ba mai fita sai rana ta ɗaga sosai, maza sun riga sun leƙa sun ga ba wani motsi a daji. A tafi a ƙungiya, a dawo a ƙungiya kafin la'asar. Wato aikin gona duka ya koma tsakiyar rana. Ba wanda yake ƙorafi a kan wannan. Zafi dai ba ya ɗauke mutum ya tafi da shi.

Ranar shuka na naɗe hijabina na ɗaure a ƙugu, na yafa ɗankwali, na tattare hannun riga har gwiwar hannu kamar yadda sauran mata suka yi. Iya tana gaba da sanda tana nuna mini tazarar rami, ina jefa iri ina rufewa da diddige. Muka dawo gida lafiya lau. Sai bayan magariba na ji damatsana suna zafi, irin zafin da ake ji idan an yanka barkono aka manta aka shafa fuska. Na kai hannu kusa da fitila. Ƙananan ƙuraje ne birjik, kowane bai fi kan allura ba, sun taru rukuni-rukuni, fatar ƙarƙashinsu ta kumbura ta yi jaja-jaja. Akwai a bayan hannuna, a wuyana, a bayan ƙafata. Ƙaiƙayi yana kiran susa, susar kuma tana jawo raɗaɗi. Da gari ya waye wasu sun haɗe sun zama taswira.

Matar Baffa, ƙanin mahaifina, ita ta fara ba da fatawa. Mace ce mai ƙarfi da yawan dariya, 'ya'yanta suna da yawa, hannunta ba ya zama banza.

"Ɗiyata, faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. Wane mai kike shafawa? Na birni ne, ko? Mai sa mutum shi yi fari?"

"Wallahi man kaɗanya ne, irin naku."

"To namu bai taɓa yi wa kowa zane ba."

Iya ta kore ta. Ta riƙe hannuna ta jujjuya, ta ce ko dai gizaka ce ta bi ta jikina, ko kuwa zafi ne ya taru a jini saboda zaman ɗaki da cin abincin makaranta, yanzu yake neman hanyar fita. Ko wanne ne, maganinsa ɗaya. Ta sa aka tsinko ganyen sabara, ta daka, ta kwaɓa da farar ƙasa, ta laƙaba mini a duk inda ya fito. Sannan ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda ba inuwar komai, ta ce in zauna maganin ya bushe, rana ta tsotse dafin.

Ya kamata in yi bayanin matsayin rana a wurin Iya. A gidanta ba abin da rana ba ta gyarawa. Katifar da kuɗin cizo ya shiga, rana. Hatsin da ƙwari suka fara ci, rana. Tulun da ya yi wari, ƙwaryar da ta yi fumfuna, zanen mara lafiya, duk a fitar. Jaririn da idonsa ya yi rawaya ma a nuna shi ga hantsi. Ta yi shekaru tana yi wa yaran unguwa maganin ƙuraje da makero ta wannan hanya, kuma suna warkewa. Ba ta da dalilin da za ta yi zaton ni dabam ce.

Na zauna. Ina jin farar ƙasar tana tsagewa a fatata, kaji suna zagaye ni. Da dare abin ya ninka. Iya ta duba ta ce madalla, dafin yana fitowa. Washegari ta ƙara kwaɓi, ta ƙara lokaci. Haka muka yi ta yi, tana shanya ni tare da barkononta, ta juya shi ta zo ta ce ni ma in juya. Fatar wuyana ta fara tsattsagewa tana fitar da ruwa. Ko ɗankwali ya taɓa sai na cije leɓe.

A kan tabarmar nan na lura da ƙafata. Duk bayanta ya yi ƙuraje, ban da layi biyu da suka tashi daga tsakanin yatsu suka rabu, daidai inda igiyar silifas take kwanciya. Na ture awarwaron hannuna, ƙarƙashinsa fata sumul kamar zobe. Inda hannun riga ya tsaya, nan ciwon ya tsaya, kamar an ja layi da rula. Na daɗe ina kallo. Abin har ya ba ni sha'awa, yadda aka yi zanen da tsabta.

"Iya, ina jin rana ce."

"Rana ce mi?"

"Ita ke kawo shi. Duba, duk inda ba ta taɓa ba lafiyarsa lau."

Ta yi dariya har da tari. "Rana? Ranar da ta raini ubanki? Malama, kin yi karatu har ya kai ki ga faɗa da rana? To sai ki kai ƙararta Safana, ko ubanki zai sa a ɗauke ta daga ƙaramar hukuma."

Ni ma na yi dariya. Amma da mahaifina ya zo a ƙarshen mako ya ga wuyana, bai yi ba. Ya gaida mahaifiyarsa cikin ladabi, ya saurari bayanin gizaka har ƙarshe, sannan ya nemi izinin ya kai ni asibiti, don dai a ƙara a kan nata.

A Katsina muka ga likitar fata, wata mata mai magana a hankali. Ta tambayi magungunan da nake sha, da man da nake shafawa, da ko gaɓoɓina suna ciwo, da ko gashina yana zuba. Ta sa aka ɗebi jini don a tabbatar ba wata cuta ce a ciki take leƙowa ta fata ba. Sakamako ya fito ba komai. Ta ce akwai mutanen da fatarsu ke ɗaukar hasken rana tamkar abokin gaba, kuma yakan fara ne da ƙuruciya irin tawa, musamman bayan mutum ya daɗe bai sha rana ba. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Wasu yana yi musu sauƙi da shekaru, wasu kuma su zauna da shi. Ta rubuta man shafawa na kumburin da wani na kare rana, ta ce in rufe jiki, in guji fita daga hantsi zuwa la'asar.

Na ce mata daga hantsi zuwa la'asar ne kawai ake zuwa gona a garinmu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce to sai in zaɓa.

Ban zaɓa ba. Na jira ƙurajen suka bushe, suka bar baƙin tabo kamar inda aka ɗiga shayi a farin zane, na koma Karare ana tsakiyar noman farko. Na zo da safar hannu, da safar ƙafa, da riga mai dogon hannu, da malafar da na saya a kasuwar Batsari na kifa a kan hijabi. Da na fito matan unguwa suka tsaya cak.

"Iya, a ina kika samo mutum-mutumi?"

"Bana kam tsuntsu ba zai sauka gayaunar nan ba."

Matar Baffa ta ce a bar mata ɗiyarta, amarya ce, rana ce dangin ango, ba a buɗe fuska sai sun saya.

Na yi noman kwanaki a haka. Gumi yana wanke man yana kai shi ido. Safar hannun ta huje a kan ƙotar fartanya. Idan na sunkuya malafar ta zame, idan na miƙe rana ta sami gefen fuskata. Nakan je in tsaya a gindin gawon don sabo, in ɗaga kai in ga rassa fayau, sararin sama yana kallona ta tsakaninsu. Ƙurajen suka dawo, a kumatu, a wuyan hannu inda safa da riga ba su haɗu ba, har a kafaɗa ta cikin yadin da bai yi kauri ba. Wata rana leɓena ya kumbura na kasa shan koko. Kunyoyin da na bari, matar Baffa ce take bi ta ƙarasa bayan ta gama nata, ba ta taɓa faɗi ba. Ni dai nakan tarar ciyawar da na bari jiya babu ita.

Na sami Baffa a zaure na roƙe shi ya bar ni in riƙa fita da asuba, in dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Ya ajiye igiyar da yake tufka.

"Da asuba. Ke kaɗai. Bayan gari."

"Ko da mutum ɗaya ne ya raka ni."

"Wa zan ba? Ɗan wa zan ɗauka in ce shi je? Ɗiyata, ƙuraje muna ganinsu, muna yi miki sannu. In 'yan bindiga suka ɗauke ki kuwa, ba mu da inda za mu je mu yi miki sannu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba.

Duk wannan lokacin Iya ba ta yarda ba. Ta ce likitar ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ina ta san rana. Amma na ga ta daina kwaɓa sabara. Takan zauna tana kallona idan ina shafa mai da dare. Wata safiya, bayan na yi kwanaki a ɗaki jikina ya lafa, ta kira ni bakin ƙofarta. Ta ajiye kujera 'yar tsugunno daidai inda inuwar ɗaki ta ƙare, da faifai, da ƙwaryar gyaɗa.

Haka take gwada iri. Idan tana shakkar wata gyaɗa, takan shuka ta kunya guda kusa da wadda ta sani, ta bar ƙasa ta raba gardama.

"Zauna cikin inuwa. Miƙo hannuwanki waje, duka biyun. Wannan mu kifa mishi faifai, wannan mu bar shi. In na gama ɓare ƙwaryar nan kin tashi."

Na san abin da zai faru da hannun. Na kuma san abin da zai biyo baya, domin Iya ba ta jayayya da abin da ta gani da idonta. Muddin tana cewa gizaka ce, to ciwo ne mai wucewa, gayauna tana jirana. Ina iya cewa likita ta hana. Na tattare hannun rigar na miƙa.

Ta zauna gefena tana ɓara. Ta ba ni labarin shekarar da mahaifiyarta ta ba ta wurin, tana da cikin mahaifina, ta yi roro a durƙushe. Ina jin ƙarar ɓawo yana fashewa tsakanin yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Na lura tana sauri fiye da yadda ta saba. Rana tana kwance a hannuna na dama, da ɗumi mai daɗi, irin wanda na sani tun ina yarinya. Ba ta yi kama da abin da ke cutarwa ba.

Da yamma hannun dama ya tashi, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na hagu kuwa kamar ba a fita da shi ba. Iya ta ɗora su biyun a cinyarta ta jera. Ta daɗe tana duba wannan, tana duba wancan. Ta shafa mai lafiyar da babban yatsa.

"Ashe gasa ki na yi ta yi," ta ce.

"Kin dai juya ni a kan lokaci, ban ƙone ta gefe ɗaya ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in miƙo mata man likitar. Ta lakato da yatsa ta shafa mini da kanta, a hankali, tana hura wurin da baki kamar yadda ake yi wa yaro.

Ban sake zuwa gona ba a daminar. Na zauna a rumfa ina tsinkar gyaɗar da ake kawowa da harawarta, ina ware mai kyau da za a ajiye don iri. Bayan an gama roro, Iya ta sa aka kira mahaifina daga Safana. Suka zauna a tsakar gida shi da Baffa, ita a kan tabarma, ni daga cikin rumfa inda nake jin komai. Ta ce su shaida ta ba matar Baffa gayaunarta kyauta, don ita ta noma ta. Ta miƙa mata tsohuwar fartanyarta. Matar Baffa ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa, sannan ta waiwayo wajena.

"Ɗiyata, wurin nan naki ne duk ranar da kika so."

"Duk daren da na so dai," na ce.

Aka yi dariya kaɗan. Mahaifina ya yi addu'a aka shafa. Hukuncin daidai ne, na san haka tun a lokacin. Gona tana bukatar wanda zai tsaya a cikinta.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Safana. Ina fita da sassafe da lema, ina bin gefen katanga, na san inda kowace inuwa take faɗawa a kowane lokaci tsakanin gidanmu da aji. Ciwon yakan zo idan na yi sakaci, ya yi kwanakinsa ya tafi. Tabon wuyana ya dushe. Iya tana nan, ba ta fita ko'ina, har yanzu tana shanya duk abin da hannunta ya kai gare shi, sai dai in na je takan sa a ja mini tabarma can cikin rumfa tun kafin in gama sallama.

Duk bayan girbi matar Baffa tana aiko mini da gyaɗar gayaunar a ƙullin zane, wadda ba a ɓare ba, da ƙasa-ƙasa a jikinta. Ni nake ɓare ta a ɗaki in zaɓi iri in mayar mata kafin ruwa ya sauka. Bara da rani da ta kira ni a waya na tambaye ta ramin kusurwar gabas. Ta ce ta cike shi, ruwa yana ɓata mata shuka. Na tambaye ta gawon. Ta ce yana nan, ya yi ganye sharaf, inuwa har ta kai bakin hanya, sai awaki ke kwana a ciki.